Girafen mai oksijin a cikin siminti da kankare: mene ne shi, yaya yake aiki, kuma ina aka kwana?

In aka cire ruwa, babu wani abu da ɗan Adam ke amfani da shi da yawa a duniya kamar kankare, wanda magina a Nijar suka fi sani da sunan beto. Masana'antu na fitar da kimanin ton miliyar 4 na siminti a kowace shekara, kimanin rabinsa a ƙasar Sin. Wannan aiki kaɗai ne ke haddasa kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar karbon da ke ɗumama yanayi. Ga shi kuma kankare na da rauni da aka daɗe da sani: yana tsagewa, ruwa na ratsa shi, ƙarfen da ke cikinsa yana yin tsatsa. Saboda waɗannan dalilai ne masu bincike ke neman abin da za a zuba kaɗan a cikin kwaɓi domin ya ƙara ƙarfi da ƙarko, a kuma rage yawan simintin da ake ci. Ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi gwadawa tun wajejen 2013 shi ne girafen mai oksijin, wanda masana ke taƙaita sunansa da GO.

Daga fensir zuwa girafen

Baƙin abin da ke tsakiyar fensir ɗin rubutu, sunansa girafit. Karbon ne zalla, an jera shi falle-falle kamar shafukan littafi. Idan aka zare falle ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, shi ne ake kira girafen. Ƙwayoyin karbon ɗinsa a haɗe suke cikin siffar saƙar zuma mai kusurwa shida-shida, kuma kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nanomita ba. Nanomita kuwa shi ne abin da ake samu in an raba milimita ɗaya gida miliyon. Silin gashin kai ɗaya yana kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

Andre Geim da Konstantin Novoselov na jami'ar Manchester da ke Ingila ne suka fara ware girafen a 2004, ta hanyar liƙa tef mai danƙo a jikin girafit suna ɓarewa har sai da falle ɗaya ya rage. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fizik a 2010. Awon da aka yi a jami'ar Columbia ta Amurka a 2008 ya nuna cewa girafen marar aibi ya fi ƙarfen gini jure ja sau ɗari da ɗoriya.

Sai dai girafen tsantsa ba ya shiri da ruwa. In aka zuba shi cikin ruwa, fallayen sai su manne wa juna su dunƙule. Siminti kuma da ruwa ake kwaɓa shi. Nan ne amfanin GO ya fito. Shi GO girafen ne da aka liƙa wa ƙwayoyin oksijin da na haidirojin a fuskarsa da gefunansa. Waɗannan ƙwayoyi suna rage masa ƙarfi idan aka kwatanta da girafen tsantsa, suna kuma hana shi ɗaukar wutar lantarki, amma suna sa shi bazuwa cikin ruwa sosai, har ruwan ya koma launin ƙasa-ƙasa kamar shayi. Kaurin fallensa kimanin nanomita ɗaya ne, faɗinsa kuwa yana iya ninka hakan sau ɗaruruwa ko dubbai.

Yadda ake yin sa

Sinadarin ya girmi girafen da kusan shekara 150. Benjamin Brodie, wani masanin sinadarai a Oxford, ya fara samar da girafit mai oksijin a 1859. Staudenmaier ya gyara hanyar a 1898. Hanyar da ta fi yaɗuwa har yau ita ce wadda Amurkawa biyu, Hummers da Offeman, suka wallafa a 1958: ana jiƙa garin girafit cikin asid na sulfur mai ƙarfi, a zuba masa sinadarin farmanganat, wanda ke cusa oksijin tsakanin fallayen har su buɗe. Daga nan sai a wanke shi da ruwa mai yawa, a girgiza shi da na'ura mai sautin da kunne ba ya ji, fallayen su rabu ɗaya-ɗaya. A 2010 ƙungiyar James Tour ta jami'ar Rice a Amurka ta fito da wata hanya da ta kawar da iska mai guba da tsohuwar hanyar ke fitarwa.

Aikin yana da haɗari. Idan ba a kula da zafin haɗin ba yana iya fashewa, kuma yana barin ruwan asid mai yawa da sai an tace kafin a zubar. Shi ya sa ba a yin GO a bakin wurin gini. A masana'antar sinadarai ake yin sa, a sayar da shi a ruwa-ruwa, ko kamar kunu mai kauri, ko a gari.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓin siminti

Kafin a gane aikin GO, sai an fahimci yadda siminti ke kamawa. Simintin zamani ya samo asali daga binciken Bafaranshe Louis Vicat na wajejen 1817 da kuma takardar mallakar fasaha da Joseph Aspdin ya samu a Ingila a 1824. Ana niƙa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a tanderu mai zafin digiri 1450, su zama dunƙule-dunƙule da ake kira kilinka, sannan a niƙe su da ɗan jips. Haka ake yi a masana'antar Malbaza da ke jihar Tawa da sauran masana'antun duniya. Fiye da rabin iskar karbon da ke fita daga dutsen kansa take fitowa sa'ad da wuta ta raba shi, sauran kuma daga makamashin da ake ƙonawa.

Mutane da yawa na zaton siminti bushewa yake yi ya yi tauri. Abin da ke faruwa shi ne ruwa na haɗuwa da ƙwayoyin siminti ya haifar da sabon abu mai kama da danƙo, wanda masana ke kira C-S-H, shi ne ke ɗaure rairai da tsakuwa. Wannan haɗuwa na ci gaba makonni, abin da ya sa ake auna ƙarfin kankare bayan kwana 28. Kimanin lita 20 na ruwa sun ishi buhu mai kilo 50 ya gama wannan aiki. Duk ruwan da ya haura haka, in ya ƙafe, ƙananan ƙofofi yake bari a jikin kankaren, kuma ta nan ruwa da gishiri ke bi su kai ga ƙarfe.

Kankare na jure nauyin da ke danna shi ƙwarai, amma ƙarfinsa na jure ja bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dalilin sa masa ƙarfe ke nan. Ƙarfen kuwa ba ya hana ƙananan tsage-tsagen da ido ba ya gani farawa, yana riƙe su ne bayan sun girma.

Hanyoyi huɗu da GO ke taimakawa

Na farko, yana zama madogara ga sabbin ƙwayoyin da ke tsirowa. Fallen GO na da faɗin fuska mai yawa idan aka duba nauyinsa, kuma oksijin da ke jikinsa na jawo kalsiyom ɗin da siminti ke saki. Saboda haka danƙon C-S-H na samun wuraren kamawa da yawa tun sa'o'in farko, kwaɓin ya yi saurin samun ƙarfi.

Na biyu, yana rage girman ƙofofin da ke cikin kwaɓi. Tun da danƙon na tsirowa a wurare da yawa, yakan cike guraben da da za su zauna fanko, manyan ƙofofi su koma ƙanana.

Na uku, yana tare tsagewa tun tana ƙarama. Maginan gargajiya sun san amfanin ciyawa ko ramno a cikin kwaɓin laka: silin ciyawar na ƙetare tsagar ya riƙe ɓangarorin biyu. Fallen GO na yin irin wannan aiki a ma'aunin da sai da madubin lantarki ake gani. Tsagar da ta ci karo da shi sai ta karkace ko ta tsaya.

Na huɗu, yana wahalar da ruwa da gishiri wajen shiga. Fallayen na tsayawa kamar shinge, dole ruwan ya yi ta kewaye. Wannan na da muhimmanci ga gadoji, tashoshin jiragen ruwa, madatsun ruwa da kuma duk ginin da ke cikin ƙasa mai gishiri.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Adadin da ake zubawa kaɗan ne ƙwarai, galibi tsakanin kashi 0,01 da 0,1 cikin 100 na nauyin siminti. In aka ɗauki kashi 0,05, buhu ɗaya mai kilo 50 na buƙatar giram 25 kacal. Mita ɗaya mai ɗaki ta kankaren ginshiƙai, wadda aka saba zuba wa kilo 350 na siminti, wato buhu 7, za ta ci giram 175.

Ɗaya daga cikin binciken farko da aka fi ambatawa shi ne na Shenghua Lv da abokan aikinsa a birnin Xi'an na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2013. Da kashi 0,03 cikin 100 na GO, sun samu ƙarin kusan kashi 39 cikin 100 a ƙarfin jure danniya, kusan 61 a jure lanƙwasa, da kusan 79 a jure ja. A 2015 masu bincike na jami'ar Monash da ke Ostiraliya sun ba da rahoton cewa kashi 0,05 ya ƙara wa kwaɓin siminti ƙarfin jure danniya da kashi 15 zuwa 33, na lanƙwasa kuma da 41 zuwa 59.

A 2018 jami'ar Exeter ta Ingila ta sanar da kankaren da ƙarfinsa ya ninka fiye da sau biyu, kuma ya fi na yau da kullum hana ruwa shiga sau huɗu. Amma a lura, wannan gwaji da girafen aka yi shi, wanda aka baza cikin ruwa da taimakon wani sinadari mai kama da sabulu, ba da GO ba. Rahotanni na yawan cakuɗa su biyun.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da waɗannan alƙaluma. Yawancinsu daga ƙananan samfura ne na siminti da ruwa, ko siminti da rairai mai tsabta, waɗanda aka kwaɓa a ɗakin gwaji mai daidaitaccen zafi. Da zarar an sa tsakuwa aka koma cikakken kankare, ƙarin da ake samu yakan ragu. Sakamakon ya kan bambanta sosai daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, gwargwadon girman fallayen, yawan oksijin da ke jikinsu, irin simintin da yadda aka gauraya. Kuma idan aka zarce adadin da ya dace, ƙarfin komawa baya yake yi.

Matsalolin da suka hana shi yaɗuwa

Babbar matsala ita ce dunƙulewa. GO na bazuwa lafiya lau a ruwa mai tsabta, amma ruwan da ke cikin kwaɓin siminti cike yake da kalsiyom, kuma yana da kaifi irin na ruwan toka mai ƙarfi. Kalsiyom ɗin na ɗinke fallayen da juna cikin ɗan lokaci su zama gudaji. Gudajin GO kuwa rami ne mai rauni a cikin kankare. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne a fara gauraya GO da sinadarin sassauta kwaɓi na zamani, irin wanda ake kira polikarboksilat, wanda ke lulluɓe fallayen ya hana su mannewa. Wasu kuma na haɗa shi da garin silika mai laushi. Tsarin zubawa ma na da tasiri: abin da aka fara sawa da abin da ya biyo baya na iya sauya sakamakon.

Matsala ta biyu ita ce ƙishirwarsa. Saboda faɗin fuskarsa, GO na riƙe ruwa mai yawa, kwaɓin ya yi tauri ya ƙi zubuwa tsakanin ƙarafa. Magini da ya ga haka zai so ya ƙara ruwa, ƙarin ruwan kuma ya cinye duk ribar da GO ya kawo.

Ta uku ita ce tsada. Lissafin mai sauƙi ne. Ko da a ce GO zai ba da damar rage siminti da kashi 30 cikin 100, a mita ɗaya mai ɗaki abin da za a tsira da shi kilo 105 ne, wato buhu biyu da ɗan kai. Ke nan sai kuɗin giram 175 na GO, da na sinadarin sassautawa, da na aikin gaurayawa, sun gaza kuɗin buhu biyu kafin mai gini ya ga riba a aljihunsa nan take. In ba haka ba, ribar sai dai ta zo daga daɗewar ginin.

Ta huɗu ita ce ingancin abin da ke kasuwa. Wani bincike da jami'ar ƙasa ta Singafo ta jagoranta a 2018 ya duba kayan kamfanoni 60 masu cewa girafen suke sayarwa. An tarar cewa a mafi yawansu ainihin girafen bai kai kashi 10 cikin 100 ba, sauran niƙaƙƙen girafit ne. Mai saye da ba shi da ɗakin gwaji ba zai iya bambancewa da ido ba.

Ta biyar ita ce rashin dogon tarihi. Ana gina gada ne don ta yi shekara 50 zuwa 100, alhali gine-ginen farko masu ɗauke da girafen ba su kai shekara goma ba. Injiniyoyi da kamfanonin inshora na aiki ne da ƙa'idojin da aka gwada shekaru da yawa, kuma shigar sabon sinadari cikin irin waɗannan ƙa'idoji na ɗaukar lokaci.

Inda aka riga aka gwada a fili

Misalin da ya fi shahara shi ne na Concretene, wani ruwan haɗi mai girafen da kamfanin Nationwide Engineering ya samar tare da jami'ar Manchester. A watan Mayu na 2021 an zuba daɓen wani ɗakin motsa jiki da shi a Amesbury, kudancin Ingila. Masu aikin sun ce sun rage kayan da kashi 30 cikin 100 kuma ba su sa ƙarfe ba. A ƙarshen wannan shekarar an sake amfani da shi a Mayfield, cikin birnin Manchester. A 2023 kuma kamfanin First Graphene na Ostiraliya da kamfanin siminti na Breedon sun gwada zuba girafen tun a wurin niƙa kilinka, a masana'antar Hope da ke Ingila, domin simintin ya fito da shi a cikin buhu. Wannan hanya, in ta tabbata, za ta ɗauke wa magini wahalar gaurayawa.

Daɓen da ke kwance a kan ƙasa dai ba ya fuskantar lanƙwasa irin ta rufin bene ko gada. Cire ƙarfe daga daɓe ba hujja ba ce ta cire shi daga ginshiƙi.

Lafiya da muhalli

Duk gari mai laushi irin wannan na iya shiga huhu, shi ya sa aka fi son a yi aiki da GO a ruwa-ruwa. A 2024 jami'o'in Edinburgh da Manchester sun wallafa gwajin farko a kan mutane: masu sa kai 14 sun shaƙi ɗan ƙaramin adadi na GO mai tsabta tsawon sa'a biyu, ba a ga wata illa ta nan take a huhu ko zuciya ba. Gwajin ƙarami ne, kuma bai shafi wanda zai yi shekaru yana shaƙa ba. Ƙurar siminti da ta yankan kankare dama can suna cutar da huhu, don haka takunkumin hanci da safar hannu wajibi ne ko da GO ko babu.

Wasu sun fara jin sunan GO ne a 2021, lokacin da aka yaɗa a WhatsApp da Facebook cewa yana cikin alluran rigakafin korona. Wannan magana ba ta da tushe, babu shi a jerin sinadaran alluran da hukumomin lafiya suka amince da su.

Ta fuskar yanayi kuwa, yin kilo ɗaya na GO na cin makamashi da sinadarai fiye da yin kilo ɗaya na siminti nesa ba kusa ba. Ribar na zuwa ne kawai idan giram kaɗan sun sa an rage kilo masu yawa na kilinka, ko sun tsawaita ran ginin. In an zuba GO aka bar siminti yadda yake, hayaƙin ƙaruwa ya yi.

Me ya shafi ƙasashen Sahel?

Afirka na da hannu a tushen wannan sana'a, domin Madagaska da Mozambik na cikin manyan masu haƙar girafit a duniya, Tanzaniya ma na da shi. Amma sarrafa shi ya fi yawa a ƙasar Sin, wadda tun Disamban 2023 ta sa sai da izini ake fitar da wasu nau'o'in girafit daga ƙasarta. Nijar da maƙwabtanta za su kasance masu saye ne daga waje.

Yanayinmu ma na da nasa sharaɗi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, kwaɓi na saurin kamawa, iska mai zafi kuma na busar da fuskarsa kafin ya yi ƙarfi. Sinadarin da ke ƙara saurin kamawa, yana kuma shan ruwa, sai an gwada shi a irin wannan zafi da irin rairai da tsakuwar da ake samu a nan kafin a dogara da alƙaluman Turai ko Sin. A wuraren da ƙasa ke da kanwa ko gishiri, kamar Dallol Bosso da Dallol Foga, kankaren da ke hana ruwa shiga zai yi amfani, kuma irin wannan ne ya cancanci gwaji a jami'o'i da ɗakunan gwajin kayan gini na ƙasa.

Akwai kuma wata hanyar rage kilinka da ta fi kusa da hannu: simintin LC3, wanda makarantar fasaha ta Lozan a Suwis ta ɓullo da shi tare da masu bincike na Kuba da Indiya. Rabinsa kawai ne kilinka, sauran gasasshen yumɓu ne da dutsen farar ƙasa da jips, kuma yana rage hayaƙi har zuwa kashi 40 cikin 100. Kayan haɗinsa duka ana samun irinsu a yankinmu.

Ga mai gina gida a yau, ƙarin kashi 20 ko 30 cikin 100 da ake nema a wurin GO yana iya samuwa ta hanyoyin da aka sani: rairai marar laka, tsakuwa wankakkiya, awon siminti daidai, rage ruwan kwaɓi, girgiza kankare ya zauna sosai, da shayar da shi ruwa aƙalla kwana bakwai bayan zubawa. Idan kuma wani ɗan kasuwa ya kawo ruwan haɗi ya ce na girafen ne, akwai tambayoyi uku da ya kamata a yi masa: wane iri ne, girafen ko GO, giram nawa ake sa wa buhu, kuma ina sakamakon gwajin kwana 28 da wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya yi da simintin da za a yi aikin da shi, a gefen samfurin da ba a sa masa komai ba.